Goggo, Riƙe Mini Bindiga

Duk layin babu wanda bai san ranar da Auta ya dawo ba, don shi da kansa ya tabbatar kowa ya sani. Shekaru ya yi a wani gari mai nisa, mutanen gida ba sa samun komai daga wajensa sai hotuna: yau ya jingina da wata doguwar mota, gobe ya ɗora ƙafa a kan tayar wata. Da ya tashi dawowa, jaka ɗaya ya zo da ita, da baƙin tabarau, da wani ƙaton kwali da ya hana kowa taɓawa. Ya kuma zo da sabon suna. Ya ce daga yau kada ya sake jin Auta a bakin kowa, a can Manaja ake ce masa.

"Manajan me?" in ji Goggo, yayar marigayi mahaifinsa, tana zaune a tsakar gida tana matse wanki.

"Manajan wajen wanke motoci, Goggo. Ba ki ga ma'aikatan da ke ƙarƙashina ba."

"Su nawa ne?"

"Ba sa ƙirguwa."

"Allah sarki. Shi ya sa ba ka taho da ko ɗaya ya ɗaukar maka jaka ba." Ta murɗe zanen da ke hannunta har sai da ya yi ƙara. Goggo haka take, in ta riƙe abu ta riƙe shi ke nan. Kwalbar da ta rufe, sai an nemo maza kafin a buɗe.

Shirin Manaja kacokan a kan garejin gidan ya tsaya. Tun da aka sayar da motar mahaifinsa garejin yake kulle, ƙofarsa na kallon titi, makullinsa kuma yana ɗaure a bakin zanen Inna, mahaifiyarsa. Ya ce nan zai buɗe kamfani. Ya farke kwalin a gaban kowa, sai ga inji ja mai tayoyi biyu, da baƙin tiyo a naɗe, da doguwar bindigar fesa ruwa.

"Inna, kin ga wannan? Kafin ki ƙifta ido ya wanke tirela. Zamanin bokiti da soso ya wuce." Ya sa ƙafa ya ture bokitin da ke kusa da shi, ya gangara har bakin rariya.

Inna ta bi bokitin da kallo, sannan ta dawo da idonta kansa.

"Tela ya riga ka neman garejin nan," ta ce. "Rumfarsa na yoyo, ruwan sama ya ɓata masa kayan mutane ba sau ɗaya ba, har na kusa amsa masa. Amma kai na haifa, ba shi ba. Gobe ka wanke mota ɗaya da abin nan ina kallo. In na gani da idona, gareji naka ne. In ban gani ba, Tela ya kawo kekensa. Je ka ɗauko mini bokitina."

"Ki ba ni makullin kawai tun yanzu, Inna, kada ki wahalar da kanki gobe."

Ta kwance ta ba shi, ta ce aro ne. Ya zura masa zare ya rataya a wuya kamar lambar girma, ya fita neman motar da za ta fara cin sa'a.

Bai sha wahala ba. Dillalin motoci na bayan layi yana da wata baƙar mota da zai sayar wa tsohon Hedimasta washegari da rana. Da ya ji an ce wankin kyauta ne, sai ya miƙe tsaye har da ba Manaja kujera.

"Amma ka bi ta a hankali," in ji Dillali. "Motar nan yadda ta fito daga kamfani haka take. Ko kaza ba ta taɓa gogar ta ba."

"Kana magana da wanda ya wanke motocin da kai ko a hoto ba ka taɓa gani ba," in ji Manaja.

Washegari da hantsi bakin garejin ya cika. Baƙar motar na tsaye a tsakiya. Inna da Goggo sun fito da kujerun roba sun zauna a inuwar katanga. Manaja ya fito cikin rigar aiki mai haɗe da wando, da takalmin ruwa har gwiwa, da tabarau, makulli na lilo a ƙirjinsa. Ya jingina allon da ya rubuta da fenti: MANAJA, WANKIN ZAMANI. Ya jawo tiyo daga tankin ruwan Inna ya haɗa da inji, ya buɗe famfo. Sannan ya buga ƙusa a jikin ƙofar gareji, ya rataye bindigar a kai, ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Doka ɗaya ce a nan. Bindigar nan babu mai taɓa ta. Ba abin wasa ba ce. Da idona na ga ta yanka wa mutum takalmi yana sanye da shi."

"Ƙafar fa?" in ji Tela, wanda ya tsallako titi da tef ɗin awo a wuya, yana leƙen faɗin garejin ta gefen ido.

"Kallo ka zo ko awo?"

"Duka biyun. In ɗaya bai yi ba, ɗaya ya yi."

To, akwai abin da Manaja bai faɗa wa kowa ba, shi kansa ma ya kusa mantawa. A can inda ya yi shekarun nan, aikinsa riƙe bindiga ne. Kullum da safe oga mai wajen ne ke zuwa ya dafa inji ya ja igiya, shi kuwa yana tsaye a gefe da bindiga a hannu, ya matse kunamarta tun kafin ruwa ya zo saboda ɗoki. Ja ɗaya oga ke yi inji ya kama. A ganin Manaja, sirrin duk yana kafaɗar mai ja, riƙe bindiga kuwa aikin ƙananan ma'aikata ne. Don haka yau shi zai ja. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin kai ja da ake ɗaura wa bakin bindigar, wanda oga ke ɓoyewa a aljihu, bai taɓa yarda an wanke mota da shi ba. Manaja ya gano dalili tuntuni: na manya ne. Irinsa ya ɗaura yau.

Ya dafa injin da hannun hagu yadda ya saba ganin oga na yi, ya ɗaga kai ya tabbatar Inna na kallo, ya ja.

Fut, fut, fut. Shiru.

"Gaisuwa ce," in ji shi. "Haka suke farawa."

Ya sake ja. Wannan karon igiyar ta ɗan fito, ta cije, ta fizge shi ya yi gaba har tabarau ya sauko kan hanci. Ya kama da hannu biyu. Igiya ta tsaya ƙyam kamar an ɗaure ta a jikin bishiya. Tiyon da ya tafi wajen bindiga ya kumbura ya yi tauri kamar sanda, amma duk idanu suna kan Manaja.

"Ya amsa gaisuwar," in ji Tela.

"Iska ce," in ji Manaja yana gyara tabarau. "Injin nan bai saba da iskarku ba. Ta can tatacciya ce."

"Irin janaretana ne. In ya yi haka, fulogi ne," in ji Tela.

"Kada ka haɗa injina da wancan mai tarin naka. Wannan ba a taɓa masa fulogi." Ya zagaya injin, ya tsuguna, ya kara kunne a jikinsa kamar likita, ya miƙe. "Bincikena ya nuna fulogi ne. Wa ke da sifana?"

Aka kawo sifana. Ya kwance fulogi, ya ɗaga shi sama yana dubawa a rana, ya hura masa iska, ya goge shi a ƙirjin sabuwar rigarsa, ya bar baƙin tabo kamar taswira. Ya mayar ya ɗaure. Kafin ya gama wannan duk igiyar ta ɗan saki, don haka da ya ja, inji ya yi fut, fut, fut, furrr.

"Ya kusa! Ya kusa!" jama'a suka ɗauka.

Ya ɗaga musu hannu kamar mai karɓar gaisuwa, ya sake ja. Igiyar ta cije, kafaɗarsa ta yi ƙas.

"Auta, rana na yi," in ji Inna.

"Manaja, Inna."

"In ya tashi."

Ya haɗiye wannan, ya koma kan mai. Ya ce ai dama ya yi zargi, fetur ɗin nan da aka sayar masa rabinsa ruwa ne, a can kuwa sai an tace mai sau uku kafin a nuna wa inji. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce a tsotso a gani ko yana sauka. Manaja ya ce wannan tsohon yayi ne, sannan ya zare ɗan siririn tiyon mai ya sa a baki ya zuƙa. Mai yana sauka. Ya sauka sosai. Manaja ya durƙusa yana tari, hawaye na bin ƙasan tabarau.

"Jama'a, kada wanda ya ƙyasta ashana kusa da yaron nan," in ji Goggo. "Shi zai riga injin tashi."

"Ɗanɗanawa na yi," ya ce da ƙyar. "Da harshe ake gane mai kyau."

"To mai kyau ne?" in ji Tela.

"Ba laifi."

Ya mayar da tiyon. Ya ce ɗan famfon da ke buɗe wa mai hanya bai buɗu har ƙarshe ba, alhali a buɗe yake. Ya sa filaya ya murɗa. Ya ƙara murɗawa. Kan famfon ya ɓalle ya yi tsalle ya faɗa rariya. Manaja ya bi shi da kallo har ya nutse.

"Dama ado ne," ya ce. "Manyan injuna ba su da shi."

Sai aka koma kan makunni. Mai shagon kusurwa ya ce ƙasa ne kunnawa. Tela ya ce sama ne. Manaja ya ce su yi masa shiru, ya danna sama, ya danna ƙasa, ya danna sama, har shi ma ya rasa inda ya faro. Da gardama ta yi yawa ya laluba bayan makunnin, ya kamo wayarsa, ya datse ta da filaya.

"Shi ke nan. Na raba shi da shakka. Yanzu ko yana so ko ba ya so, a kunne yake."

Ya ja. Fut, fut. Cije.

Dillali ya fara duba agogo yana zagaya motarsa, wadda har yanzu ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba, sai ƙurar ƙafafun 'yan kallo da ta ƙaru a kanta.

"Manaja, ko a ɗauko bokiti ne? Hedimasta na hanya fa."

"Me ka ce?"

"Bokiti. Da ɗan soso. Mu shafe ta kawai."

Manaja ya cire tabarau a hankali, don kowa ya ga yadda maganar ta taɓa shi. "A gaban allon nan kake ambaton bokiti? Ka karanta abin da aka rubuta kuwa?"

"Na karanta. Allo bai wanke mota ba."

Ta gefen ido Manaja ya hango Tela ya zare tef daga wuya, ya manna shi a bakin ƙofar garejin yana motsa leɓe.

"Kai, me kake yi a ƙofar kamfanina?"

"Ba komai. Ina ganin teburin yanka zai shiga ta nan ba sai an karkata shi ba."

Makullin da ke ƙirjin Manaja ya yi masa nauyi. Ya dafe shi. Ya ce matsalar ƙarfi ce kawai, injin nan na ƙasashen da mutane ke cin abinci su ƙoshi ne, hannu ɗaya ba ya isar sa. Ya ruga cikin gida, ya kwanto igiyar shanya, ya bar wankin Goggo tuli a kan tabarma. Ya ƙulla ta a hannun igiyar injin, ya jera Dillali da mai shagon kusurwa da wasu ƙarti biyu a bayansa. Tela ma ya shiga layi, ya ce kada a ce ya yi baƙin ciki.

"In na ce ku ja, ku ja!"

Suka ja. Igiyar injin ba ta motsa ba. Injin ne ya motsa. Tayoyi gare shi, kuma babu wanda ya tuna a riƙe shi. Ya biyo su a guje kamar karen da aka tsokana, suka zube a kan juna a tsakiyar titi, Dillali a ƙasa, Manaja a sama. Tiyon bindiga ya miƙe, ya fizgo bindigar da ƙusarta gaba ɗaya daga jikin ƙofa, ta faɗi cikin ƙura.

'Yan kallo suka kwashe da dariya, wata mata har da zama a ƙasa. Manaja ya tashi ya tura injin ya mayar da shi mazauninsa, ya sa duwatsu ya tare tayoyin. Ya ɗauki bindigar yana goge ta da hannun riga kamar jariri. Ƙusa ta lanƙwashe, babu wurin ratayewa, shi kuma yana bukatar hannuwansa biyu.

"Kawo in riƙe maka," in ji Tela.

"Kai? Ka auna ta ka rage mata tsawo?"

"To ni kawo," in ji Dillali yana karkaɗe riga.

"Kafin in juyo ka sayar da ita."

Ya duba hagu, ya duba dama. Idonsa ya sauka a kan Goggo. Tsohuwa ce, ba ta san kan inji ba, ba za ta yi masa karambani ba.

"Goggo, riƙe mini bindiga. Hannu biyu. Ki riƙe gam, ko me ya faru kada ki saki."

"Ka tabbata?"

"Ko sama za ta faɗo, kada ki saki."

Goggo ta goge tafinta a zane, ta karɓa. Ta kama ta yadda take kama komai a duniya, yatsunta suka haɗa da mariƙi da kunama suka matse. Bindigar ta yi fish, ta tofar da ruwa, sannan wani siririn ruwa ya ci gaba da tsiyaya a ƙasa. Tiyon da ya yi tauri tun safe ya saki jiki ya kwanta.

"Auta, abin naka ya yi atishawa. Yanzu kuma fitsari yake yi."

"Ki dai riƙe, Goggo," ya ce, bai ko waiwayo ba.

Daidai nan Hedimasta ya iso, cikin farar riga mai kaifin guga, da lema a hannu. Dillali ya tare shi da fara'a har kunne, ya ja shi gefen motar.

"Ranka ya daɗe, ga ta nan. Ɗan wanki kawai za a yi mata don girmanka. Dubi ƙofar nan. Shafa ka ji. Fentin kamfani ne. Ko kaza ba ta taɓa gogar ta ba."

Hedimasta ya sunkuya ya shafa ƙofar, ya gyaɗa kai.

Manaja kuwa ya ga Inna ta fara naɗe bakin zanenta, alamar za ta tashi. Ya san in ta tashi an gama. Ya tofa yawu a tafi, ya kafa ƙafa ɗaya a jikin inji, ya naɗe igiya a hannu biyu, ya tattaro duk ƙarfin da ya rage masa, har da na fetur ɗin da ya sha. Ya rufe ido ya fizga, yana jiran ta cije.

Ba ta cije ba. Ta taho sulɓi kamar an shafa mata mai. Manaja ya yi baya, ya yi baya, ya zauna daɓas a cikin rariya. Inji ya ɗauki ruri.

Daga inda yake zaune ya hango yatsun Goggo a kan kunama, sai komai ya faɗo masa lokaci ɗaya. Ruwa ne ya cika cikin injin tun ja na farko, ya rasa mafita, ya riƙe igiya. Bindigar da ya rataye ya kafa wa doka, ita ce ƙofar. Ashe duk shekarun nan ba kafaɗar oga ba ce, yatsansa ne. Ashe shi ke tayar wa oga inji! Wani daɗi ya fara kama shi, har ya buɗe baki zai sanar da jama'a.

Bai samu dama ba. Ruwan ya iso bakin bindiga.

Ta ɗan jan kan nan ya fito, siriri kamar allura, da ƙara kamar ana yaga ƙyalle. Kujerar Goggo ta yi baya, ita kuwa ta miƙe tsaye ta kafa ƙafafu. Harbin farko ya ɗauke hular Tela ya kai ta kan rufin gareji. Na biyu ya sami allon kamfani, ya share WANKIN ZAMANI, ya kifar da abin da ya rage. 'Yan kallo suka watse, wasu ta kan katanga, wasu ta cikin shagon kusurwa. Hedimasta ya buɗe lema, ruwan ya huda ta ya wuce.

"Goggo, saki!"

"Kai ka ce ko me ya faru kada in saki!"

"Na janye!"

"Ba na jin ka!"

Ta juya don ta ji shi da kyau, bindiga ta juyo tare da ita, Manaja ya kwanta rub da ciki a cikin rariya ruwan ya wuce ta saman kansa.

"Motar, Goggo!" Dillali ya yi ihu, yana nufin ta kauce mata.

"To, ai ita aka zo wankewa!" in ji Goggo, ta saita ƙofar.

Baƙin fenti ya fara tashi kamar ɓawon ayaba. A ƙarƙashinsa sai ga kore. Goggo ta ja layi daga ƙofar gaba har ta baya, ta dawo. Wani ƙaton ɓangare na ƙwaɓin da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi ya ɓalle, faɗinsa kamar faranti, ya faɗi ƙasa ya tarwatse. Wani ya biyo shi. Sai ga ƙofar a lotse, a yamutse, da tsatsa, da rami wanda ruwa ya bi ta ciki ya jiƙa kujerar direba.

Manaja ya rarrafo ya isa wajen inji. Ya danna makunni sama, ya danna ƙasa. Waya a datse, shi ya datse ta. Ya kai hannu zai rufe mai. Kan famfo yana cikin rariya, shi ya aika shi.

"Auta, tankina!" Inna ta ɗaga murya, karo na farko tun safe.

"Cire hular fulogi!" Tela ya ƙwala ihu daga bayan motar.

"Na sani!" in ji Manaja, ya cafki hular fulogin da jiƙaƙƙen hannu. Wutar inji ta ja shi.

Abin da ya biyo baya, mutanen layin sun daɗe suna gardama ko rawa ce ko tsalle. Takalmin ruwa ɗaya dai ya fita. Tabarau ya tashi. Manaja ya yi wata ƙara da ba a taɓa jin irinta daga bakin manaja ba, hular fulogi ta fita a hannunsa, inji ya yi tari ya mutu.

Wuri ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga rufi, daga lema, daga gemun Dillali. Bindiga ta tsiyayar da ɗan abin da ya rage, ta yi gurgur, ta bushe.

"Yanzu in saki?" in ji Goggo.

"Saki, Goggo."

Ta saki, ta duba tafinta, ta duba motar, fuskarta cike da annuri. "Wallahi abin da daɗi."

Hedimasta ya rufe hudajjiyar lemarsa, ya matsa kusa da ƙofar motar, ya zura kan lemar cikin ramin har ya shige. Ya juyo ya kalli Dillali ta saman gilashinsa.

"Ko kaza, ka ce?"

"Ranka ya daɗe, ai... wato..."

"Wannan kazar da ƙaho take. Da alama ma tayoyi gare ta." Ya juya wajen Goggo ya ɗan rusuna. "Baiwar Allah, na gode. Kin duba mini mota fiye da bakanike." Ya kama hanyarsa, rigarsa na manne a baya. Dillali ya bi shi yana rantsuwa, ya dawo ya nuna Manaja da yatsa, ya sake bin Hedimasta da gudu.

Inna ta shiga gida. Aka ji ta murɗa famfon tsakar gida, aka ji famfon ya yi shaƙuwa ya yi shiru. Ta fito da bokiti biyu, ɗaya shi ne wanda aka tura bakin rariya jiya. Ta ajiye su a gaban Manaja, ta miƙa hannu.

Ya dafe ƙirji. "Inna, ki yi adalci. Cewa kika yi in tayar da inji a wanke mota kina kallo. Inji ya tashi. Mota kuma, duk duniya babu wanda ya taɓa wanke ta haka."

"Cewa na yi ka wanke ta. Ban ce ka feɗe ta ba. Kuma ban ga bindiga a hannunka ba."

"Ai haka tsarin kamfani yake. Manaja ba ya riƙe..."

"Sunkuyo."

Ya sunkuyo. Ta zare zaren daga wuyansa, ta miƙa wa Tela makullin. Tela ya karɓa da hannu biyu, kansa babu hula, ruwa na bin kunnuwansa.

"Allah ya saka da alheri, Inna. Manaja, kada ka damu, zan bar maka ɗan lungu a ciki ka ajiye injin. Zai yi mini amfani wajen ɗora yadi."

"Tankin nan cike yake da safe," in ji Inna. "Ban dafa komai ba, wankin Goggonka kuma yana kan tabarma cikin laka. Famfon ƙarshen layi yana kawo ruwa. Kada in ga ka zauna sai ya koma yadda ka same shi."

Manaja ya nemo takalminsa ya sa. Ya tsinci tabarau, ido ɗaya ya fita, ya maƙala shi haka nan. Ya ɗauki bokiti a kowane hannu, ya ɗaga kai, ya bi tsakiyar titi takalma na cakal-cakal, 'yan kallo na dawowa ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hanya.

"Manaja, ina zuwa da bokiti?" in ji mai shagon kusurwa. "Na ji an ce zamaninsa ya wuce."

"Kai ba ka san harkar kamfani ba," in ji shi, bai rage tafiya ba. "Faɗaɗawa muka yi. Yanzu har sashen ruwa ni ke kula da shi. Kuma kowa shaida ne, da na ga dama, ja ɗaya na yi ya tashi."

Daga bakin gareji muryar Goggo ta biyo shi har ƙarshen layi.

"Auta! In ka cika, ka riƙe gam! Ko me ya faru kada ka saki!"